Yadda Ake Sarrafa Tsohuwar Wayar Nokia N70 a Ƙauye

A ƙauyenmu da ke ƙasar Taura a Jihar Jigawa, ba nisa da kasuwar Gujungu, har yanzu akwai gidajen da idan aka buɗe akwatin maigida za a tarar da tsohuwar waya a naɗe cikin tsumma, wadda wani ɗa ko ƙane ya aiko da ita daga Kano shekaru da dama da suka wuce, aka gwada ta kwana biyu, aka ga ta cika lunguna, aka mayar da ita aka ci gaba da amfani da ƙaramar waya mai tocila. Haka abin ya kasance ga baffana. Ranar da ƙaramar wayarsa ta faɗa ruwa a fadama yana ban-ruwan albasa, ya dawo gida ya zaro Nokia N70 daga ƙasan akwati, ya miƙo mini bayan sallar magariba, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Duk inda na taɓa sai ta kai ni wani gari, in rasa hanyar dawowa." Na ce masa, "Baffa, hanyar tana nan, maɓallai uku kawai za ka riƙe." Dare uku muka yi a kan tabarma a zaure muna bin ta daki-daki, kuma abin da na nuna masa shi ne zan shimfiɗa a nan domin duk wanda yake da irinta a ajiye.

Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fitar da N70 a shekarar 2005, wato shekara huɗu bayan wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, shekara biyu kafin fitowar iPhone, shekara uku kafin wayar Android ta farko. Tana aiki da tsarin Symbian, kuma abin da ya raba ta da ƙananan wayoyi shi ne ana iya saka mata manhajoji, tana iya riƙe ayyuka da yawa a buɗe lokaci guda, sannan tana ajiye hotuna da sauti a rumbuna kamar kwamfuta. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi 'yan'uwanta irin su 6630 da 6680 da N72, domin gininsu ɗaya ne. Wadda ke hannun baffana Turanci take yi, saboda haka zan riƙa kawo sunayen wurare yadda suke a rubuce a fuskarta, don mai nema ya gane su da ido.

Kafin a kunna ta

Mataki na farko shi ne a tabbatar da abin da ke hannu. A cire murfin baya da batir, a duba takardar da ke manne a ciki, inda aka buga lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, a kwafe ta a littafi. Bayan an kunna wayar za a danna *#06# a gwada lambar da ta fito da wadda aka kwafa, idan sun saɓa to an taɓa sauya mata ciki ko gida. Danna *#0000# kuma yana nuna samfurin wayar, wanda a kan mai 3G yake fitowa da RM-84. Wannan binciken yana da amfani domin a wancan zamani an shigo da na kwaikwayo masu kamannin N70 a waje, amma babu Symbian a cikinsu, kuma bayanin nan ba zai yi aiki a kansu ba.

Babbar sa'ar mai wannan waya ita ce batirinta. Sunansa BL-5C, kuma shi ne dai batirin da ke cikin ƙananan wayoyi da yawa da 'yan rediyoyin nan masu cin memori, saboda haka da wuya a shiga kasuwar ƙauye a rasa shi a teburin mai kayan waya. Wanda ya daɗe a akwati kada a yarda da shi sai an gwada: a ɗora shi a kan faranti ko tebur mai santsi a juya shi da yatsa, idan ya yi ta juyawa to cikinsa ya kumbura, a rabu da shi, domin kumburarren batir yana ɓalle murfi kuma yana da hatsari a wurin caji. Idan sabon batir ya yi sako-sako har wayar tana mutuwa da an girgiza ta, a ninke 'yar takarda a cusa a ƙarshensa na ƙasa ta yadda zai matsu da ƙarafunan nan uku.

Gurbin layi yana ƙarƙashin batir, kuma na babban sim ne irin na dā. Layukan yanzu ƙanana ne, don haka sai an mayar da ƙaramin cikin firam ɗin robar da ya zo da shi, a kwantar da shi ɓangaren zinare na kallon ƙasa. A yi wannan a hankali, kada a tura firam ɗin babu sim a cikinsa, domin bakinsa yana kama siraran ƙarafunan gurbin ya karya su. Layin kuma dole ya kasance mai rajista wanda aka haɗa da lambar NIN, in ba haka ba laifin rashin kira ba na wayar ba ne.

Sai katin memori, wanda ƙofarsa take a gefen dama. A nan mutane da yawa suke kuskure, domin N70 ba ta cin ƙaramin memorin da aka saba da shi yanzu. Nata sunansa RS-MMC, mai faɗi ne, kuma sai a wurin masu gyaran tsofaffin wayoyi ake samunsa, irin waɗanda ke kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. A tafi da wayar a gwada shi a gaban mai sayarwa. Ya cancanci wahalar nema, domin cikin wayar kanta bai wuce wajen megabayit 22 ba, abin da karatu ɗaya mai tsawo zai iya cinyewa.

Fuskar farko da maɓallai uku

Maɓallin kunnawa yana can saman wayar. A danne shi har fuskar ta yi haske. Za ta nemi gari da lokaci da kwanan wata: a zaɓi Legas, domin agogon Najeriya ɗaya ne daga can har Maigatari, sannan a saka lokaci daidai, saboda ƙararrawa da kalanda duk a kansa suka dogara.

Abin da zai bayyana bayan haka shi ne fuskar farko, wadda nake kira zaure, domin daga nan ake shiga ko'ina kuma nan ake dawowa. Sandunan da ke sama ta hagu ƙarfin sabis ne, na dama kuma ƙarfin batir. Ambulan yana nufin saƙo ya shigo, ɗan makulli yana nufin an kulle maɓallai. A tsakiya akwai jerin 'yan hotuna na ayyukan da aka fi buƙata, a ƙarƙashinsu kuma abin da aka rubuta a kalandar ranar. A ƙasan fuskar akwai kalma ɗaya a hagu, ɗaya a dama, kuma kowace tana bin maɓallin da ke ƙarƙashinta kai tsaye. Wannan ƙa'ida ba ta canzawa a ko'ina cikin wayar: na hagu yawanci Options ne, wato jerin abubuwan da za a iya yi a wurin da ake, na dama kuma Back ko Exit, wato koma baya ko fita. Babban maɓallin tsakiya yana tafiya sama da ƙasa da hagu da dama, idan aka danna cibiyarsa kuma ya buɗe abin da aka tsaya a kai. Kore na kira ne, ja na yankewa, kuma ja yana mayar da mutum zaure daga duk inda ya ɓace. Da na gaya wa baffana wannan sai ya gwada sau uku daga wurare daban-daban, ya ga kullum yana dawowa, daga nan hankalinsa ya kwanta ya fara taɓa wayar ba tare da fargaba ba.

Na farkon maɓallai ukun da na ambata shi ne na menu, mai zane kamar abubuwa biyu suna zagaya juna. Danna shi sau ɗaya yana buɗe dukkan ayyukan wayar a jere, wasu a fili wasu a cikin jakunkuna irin su Office da Tools da Connect. Amma babban sirrinsa yana cikin dannewa: idan aka danne shi aka riƙe na daƙiƙa biyu, wani siririn jeri zai fito a gefe yana nuna duk ayyukan da suke buɗe a ɓoye. Wanda ya saba da ƙaramar waya yana ɗauka cewa da ya bar wuri ya rufe shi, alhali a nan idan aka bar kyamara ko wasa ta hanyar danna menu, suna nan suna aiki a bayan fage suna shan batir. Kashi mafi yawa na kukan da ake yi cewa irin wannan waya ba ta riƙe caji ko tana nauyi, daga nan yake fitowa. Saboda haka a mayar da shi al'ada, kowane dare kafin a kwanta a danne menu a duba.

Na biyu shi ne mai harafin C. Shi ne magogi: yana goge harafi a rubutu, yana goge saƙo ko hoto ko suna idan aka tsaya a kansa, kuma a cikin siririn jerin da na faɗa yanzu, tsayawa a kan aiki a danna C yana rufe shi. Ban da harafi a rubutu, kullum yana tambaya kafin ya goge abu, don haka a karanta tambayar kafin a amsa da Yes.

Na uku shi ne mai zanen fensir, wanda yawancin masu wayar suke gama amfani da ita ba su taɓa sanin aikinsa ba. Idan ana cikin jerin saƙonni ko hotuna ko sunaye, a danne fensir a riƙe sannan a danna cibiyar maɓallin tsakiya, za a ga alamar maki ta hau kan abin. Idan aka ci gaba da riƙe fensir ana gangarawa ƙasa, duk abin da aka bi ta kansa zai sami maki, sai a goge su ko a kwashe su gaba ɗaya, maimakon a bi saƙo ɗari ɗaya bayan ɗaya. A cikin rubutu kuma, riƙe fensir tare da matsawa dama yana shafa kalmomi, sai Copy ta bayyana a hagu a danna, a je inda ake so a sake riƙe fensir a danna Paste a dama. Da wannan ake kwafe lambar asusun banki daga saƙo ba tare da an yi kuskuren alƙalami ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa tura kuɗi inda ba nan ba ya san darajar hakan.

Kulle maɓallai kafin a jefa wayar a aljihu: maɓallin hagu sannan tauraro, buɗewa ma haka. Shiga masallaci: a danne # a riƙe, za ta yi shiru, a fito a sake dannewa. Ƙara ko rage murya ana cikin kira: maɓallin tsakiya dama ko hagu.

Sunaye da saƙonni

Da an saka layi za a buɗe Contacts a ga babu kowa, sai mutum ya ɗauka lambobinsa sun ɓace. Suna nan a cikin sim, wayar ce take nuna nata rumbun kawai. A shiga Options, a nemi SIM contacts, a buɗe jerin, a yi wa duka maki, sannan a zaɓi Copy to Contacts. Amfanin kwaso su shi ne, a sim suna ɗaya lamba ɗaya yake ɗauka, a cikin waya kuwa mutum ɗaya zai iya samun lamba uku a ƙarƙashin sunansa, da hotonsa, da sautin kiransa na daban.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yi wa baffana amfani. Ya yi karatun allo mai zurfi amma boko bai zauna masa sosai ba, ga rubutun wayar ƙanana ne kuma babu wurin ƙara musu girma. Sai muka ɗauki hoton kowane ɗa da ke gida, muka buɗe sunansa, muka shiga Options, Edit, Add thumbnail, muka manna. Waɗanda ke nesa muka ba kowannensu sauti na daban. Sannan muka shiga Tools muka buɗe Speed dial muka raba lambobi 2 zuwa 9 ga mutanen da ya fi kira, muka kunna Speed dialling a cikin saitin kira. Yanzu idan yana son babban ɗansa sai ya danne 2 kawai ya kai kunne. Wajen rubuta suna kuma shawarata ita ce a fara da sana'a ko gari, kamar Mai Taki Gujungu ko Direban Kano, domin nema da haruffan farko ake yi, kuma a ƙauye masu suna ɗaya suna da yawa.

Wajen rubuta saƙo, abu na farko shi ne a kashe ƙamus ɗin da ke cankar kalma, domin Turanci yake canka, yana mayar da Hausa wani abu daban. Danna # sau biyu da sauri yana kashe shi ko kunna shi. Danna # sau ɗaya yana sauya manya da ƙananan haruffa, dannewa yana komawa alƙaluma, sifili yana ba da tazara, tauraro yana buɗe alamomi. Babu haruffa masu lanƙwasa, don haka inda ma'ana za ta rikice, kamar tsakanin ƙasa da kasa, a ƙara waƙafin sama bayan harafin. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, kuma lambar da ke saman fuskar tana nuna saura nawa da kuma saƙo nawa za a caje. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta daidaita gajerun lambobi a dukkan layuka: *310# duba kuɗi, *311* da lambar kati da # saka kati, 300 kiran kamfani. Wanda saƙonnin talla suka dame shi ya tura STOP zuwa 2442.

Inda kaya suke zama

Wannan ne sashen da nake roƙon mai karatu ya fi natsuwa a kansa, domin a nan ake asara. Wayar tana da ɗaki biyu, ƙaramin cikinta da kuma katin memori, kuma idan ba a gaya mata ba, komai a ƙaramin take zubawa har ya cika ta fara nuna Memory full, ta ƙi karɓar saƙo, wani lokaci ta ƙi buɗe komai. Saboda haka tun ranar farko a yi abu biyu. A buɗe kyamara, Options, Settings, a mayar da Memory in use zuwa katin memori. A buɗe Messaging, Options, Settings, Other, a yi haka nan ma.

Dalilin na biyun shi ne yadda Bluetooth yake aiki a wannan waya. Duk abin da aka turo, karatu ne ko wa'azi ko hoto, ba ya tafiya rumbun sauti kai tsaye, yana sauka ne a akwatin saƙo kamar wasiƙa. Sai an buɗe shi an zaɓi Save an ajiye a kati, sannan a dawo a goge na akwatin, in ba haka ba abu ɗaya ya zauna a wuri biyu. Na ga wayoyi da yawa da aka ce sun lalace, alhali akwatin saƙonsu ne kawai ya cika da kayan da aka turo a wurin ɗaurin aure.

Bluetooth yana cikin Connect. A kunna shi lokacin buƙata kawai, a mayar da ganuwar wayar zuwa Hidden, a kashe da an gama. Wannan ba don batir kaɗai ba ne. Ƙwayoyin cutar waya na farko da aka sani a duniya, Cabir a 2004 da Commwarrior a 2005, irin wannan tsarin suka kama, kuma ta Bluetooth suke yawo, na biyun har da saƙon hoto na MMS. Suna zuwa ne a matsayin manhaja mai ƙarewa da .sis, kuma ba sa shiga sai mai waya ya amsa da Yes da hannunsa. Har yanzu suna iya kwanciya a tsohon katin memori da aka saya a hannu, don haka katin da aka sayo a fara wanke shi ta Tools, Memory, Options, Format mem. card kafin a zuba masa komai, kuma duk abin da ya nemi a girka shi ba tare da an san daga ina yake ba a ƙi shi.

A wannan wurin dai, cikin Options, akwai Backup phone mem., wanda yake kwafe sunaye da kalanda da sauran abin da ke cikin waya zuwa kati. A yi shi duk ranar da aka ƙara lambobi masu muhimmanci. Ni kaina na taɓa kai irin wannan waya wurin wani mai gyara saboda matsalar lasifika kawai, ya wanke ta gaba ɗaya bai tambaye ni ba, lambobin abokan cinikin da na tara shekara uku suka tafi, kuma har yau akwai waɗanda ban sake samu ba. Da na yi wannan kwafin, minti biyu ya isa in dawo da su ta Restore from card. Idan za a cire katin wayar na kunne, a taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya, a zaɓi Remove mem. card, a jira ta ba da izini.

Ayyukan yau da kullum

Rediyo ba ya kamawa sai an soka abin sauraro na kunne, domin igiyarsa ita ce eriya, kuma bakinsa mai faɗi ne irin na tsofaffin Nokia, ba zagayayye ba. Bayan an soka za a iya mayar da sautin lasifika ta Options don jama'a su ji. Zangon FM kawai take kamawa, babu gajeren zango, saboda haka tashoshi irin su Freedom a 99.5 da Arewa a 93.1 da Rahma a 97.3 su ne abin nema, gwargwadon nisan ƙauye da Kano ko Dutse. A miƙe igiyar sosai, a ajiye kowace tasha a lamba don kada a riƙa lalube kullum.

Ƙararrawa tana cikin Clock, kuma tana da wata baiwa da wayoyin yanzu da yawa ba su da ita: ko an kashe wayar gaba ɗaya, idan lokaci ya yi za ta farka ta yi ƙara, sannan ta tambaya ko a kunna ta. Mai son tashi sahur ko asuba zai iya kashe wayarsa tun bayan isha'i ya tanadi cajin dare guda. Ƙararrawa ɗaya take ɗauka, amma kalanda tana cike gurbin: a buɗe ranar da ake so, Options, New entry, Meeting, a rubuta abin, a saka masa ƙara, a zaɓi maimaituwa kullum ko mako-mako. Mun saka wa baffana ranar zubin adashi, da ranar da malamin gona ya ce a zuba taki na biyu, da ranar rigakafin awaki, kowanne yana fitowa a zaure da safiyar ranarsa. Kwanan watan Bature kawai take bi, don haka na Musulunci sai a rubuta shi da hannu idan an ga wata.

A cikin Office akwai kalkuleta, inda # yake ba da ɗigo, da Notes na rubuta bashi da awo, da kuma Converter mai juya ma'auni da kuɗi, wanda ya cancanci a koye shi. A zaɓi Area a sama, a saka hekta a layin farko da eka a na biyu, a rubuta 1, za a ga 2.47, abin da ke warware gardama idan ana lissafin taki ko kuɗin haya na gona. Masu zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, inda ake cuɗanya da sefa, za su iya zaɓar Currency su shiga Currency rates su rubuta canjin ranar da hannunsu, daga nan wayar ta riƙa juya kowane farashi. Sai dai ba ta sabunta canjin da kanta, dole a gyara shi kowane mako. Na'urar ɗaukar murya tana nan ita ma, amma minti ɗaya take ɗauka a lokaci guda.

Kyamara tana buɗewa da an zame murfinta na baya ƙasa, ta rufe da an mayar da shi. Ƙarfinta megafiksel 2 ne, kuma ba ta daidaita gani a kan abin da ke kusa, don haka idan za a ɗauki ganyen da tsutsa ta ci domin nuna wa mai maganin feshi, ko shaidar da ke jikin saniya, a ja baya kamar kamu biyu zuwa uku, a tsaya rana tana bayan mai ɗauka. Tocila kuwa babu, wannan gaskiya ne ƙaramar waya ta fi ta. Batun intanet kuma kada a sa rai: WhatsApp ya daina aiki a dukkan wayoyin Symbian tun ƙarshen watan Yunin 2017, kuma yawancin shafukan yanzu ba sa buɗewa a cikinta. A kula da sifili, domin danne shi a zaure yana buɗe intanet ya ci kuɗin kira, idan hakan ta faru a shiga Connect., Conn. mgr. a yanke.

Caji inda babu wuta, da gyara

A ƙauyen da sabis yake da rauni, wayar tana ƙone batir wajen neman 3G da ba ta samu. A shiga Tools, Settings, Network, a mayar da Network mode zuwa GSM kawai, bambancin zai bayyana tun ranar farko. A rage hasken fuska da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya mutu a cikin saitin Display. Idan an shiga daji inda babu sabis ko kaɗan, a taɓa maɓallin kunnawa a zaɓi Offline, wayar za ta daina neman sabis amma kalanda da kalkuleta da karatun da ke kati suna nan.

Dabarar da ta fi kowace ita ce batir biyu. Ɗaya yana cikin waya, ɗaya yana shagon mai caji a maƙale a cajar nan mai ƙafafu biyu, an manna masa 'yar takarda da lamba, wayar da katinta da sirrinta kuma suna aljihun mai ita. A kashe wayar kafin a cire batir, a sauya da sauri, sannan a duba agogo, domin idan ta daɗe babu batir lokaci yana ɓacewa, ƙararrawar asuba kuma ta tashi a lokacin da ba nata ba. Da hunturu ƙura tana shiga ƙarƙashin maɓallai da cikin murfin kyamara, busasshen burushin haƙori ya isa a share ta, kada a sa ruwa ko kananzir.

Idan wayar ta rikice, a bi matakai daga ƙarami zuwa babba. A fara da rufe ayyukan da ke buɗe, sannan a kashe a cire batir a mayar, sannan a cire katin memori a gwada ta babu shi, domin sau da yawa katin ne ya lalace. Idan duk bai yi ba a danna *#7780#, wanda yake mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani ba tare da ya taɓa sunaye da hotuna ba. Zai nemi lambar sirri, wadda idan ba a taɓa sauya ta ba 12345 ce. Na ƙarshe shi ne *#7370#, wanda yake share duk abin da ke cikin wayar, kuma ba a yin sa sai an yi kwafi a kati, an cire katin, batir kuma yana cike, domin mutuwar waya a tsakiyar wannan aiki tana iya hana ta tashi. Idan ta kai ga zuwa wurin mai gyara, a cire layi da katin memori a bar su a gida, a gaya masa abin da ya lalace da baki, a kuma ce masa kada ya wanke ta sai ya kira ya tambaya.